Alhaji Reluwe da injin da ba ya niƙa

Teburin mai shayi ne a Sabon Garin Zariya kusa da tashar jirgin ƙasa, bayan la'asar. Alhaji Reluwe tsohon mai duba tikiti ne, tunda ya yi ritaya ba shi da hira sai ta jirgi, ko gaisuwa ka yi masa sai ya tuna maka a 1911 layin dogo ya ratsa Zariya ya isa Kano. Injiniya kuma yaron unguwa ne ɗan aji uku a Samaru, bai gama ba amma in ba ka ce Injiniya ba ba ya waigowa. Ga Baba Tana mai fiƙa wa makanikai ƙarfe, ga Bakano mai shagon sifiya.

Alhaji: Injiniya matso da wayar nan taka. Na yanke shawara, kafin mai abu ya karɓi abinsa sai na ƙera kan jirgi.

Mai shayi: Kan jirgi Alhaji? A gidan naka na Tudun Wada da ko akuya sai ta yi ribas kafin ta juya?

Alhaji: Ƙarami mana, irin mai tururi na da, wanda zan ɗora kan tebur ya yi tafiya da kansa. Na gani a waya tsofaffi irina a Ingila suna yi a bayan gida, su ba kai biyu gare su ba.

Injiniya: To ai let za ka fara saya Baba, daga baya milin.

Alhaji: Latti kuma? Kai yaro shekara 35 ina aiki, jirgi ne ke latti, ni ban taɓa yi ba.

Baba Tana: Injin fiƙa yake nufi Alhaji, irin nawa na shago amma jaririnsa. Kai kuma ka dinga yi wa manya Hausa. Kaga shi injin fiƙa ƙarfen ne ke juyawa wuƙa na tsaye tana cin sa, duk abin da yake zagaye nasa ne, taya, sanda, fistin, ramin silinda. Shi kuma milin wuƙar ce ke juyawa, ƙarfen an ɗaure shi a tebur kana tura shi gaba da gefe, shi ke fitar da shafaffe da kusurwa da kwari.

Bakano: Tsaya tukuna. In an gama jirgin nawa ake sayarwa?

Alhaji: Ba na sayarwa ba ne.

Bakano: Fasinja fa, nawa zai ɗauka?

Alhaji: Ko ƙadangare ba zai ɗauka ba. Sha'awa ce.

Bakano: Innalillahi. Wallahi Zage-zagi sai a hankali, mutum ya zuba kuɗin fansho a abin da ba ya haihuwa kuma ya ce sha'awa.

Alhaji: Ku da ko barci kuka yi sai kun lissafa ribarsa. Ci gaba Injiniya.

Injiniya: Ga su nan. Wannan na Chana ne, kamfanin Sieg na Shanghai ke yin irinsa da yawa sai 'yan kasuwa su shafa masa fenti kowa ya buga sunansa, ana ce masa 7 sau 14. Wannan Sherline ne na Amurka, ga Proxxon na Jamus, wannan kuma tsohon Myford ne na Ingila, ML7, tun 1946 aka fara yin sa, sai dai kwance.

Alhaji: 7 sau 14 ai 98 kenan. 98 na me?

Baba Tana: Ba lissafin firamare ba ne. 7 ɗin nan faɗin abin da zai iya juyawa ne bai daki gadon injin ba, inci 7, wajen milimita 180. 14 kuma tsawon sandar da za ta shiga tsakanin kai da wutsiya. Kuma kar ka ɗauka don an rubuta 7 zai ci ƙarfe mai inci 7 da daɗin rai, kamar a ce maka a-kori-kura na ɗaukar buhu 20 ne, eh zata ɗauka amma je ka ji kukanta a hawan Kwangila. Tambaya ɗaya ce, tayar jirgin naka ya girmanta?

Alhaji: (ya ɗauki murfin gwangwanin madara) Kamar haka.

Baba Tana: To 7 sau 14 ya ishe ka har da canji.

Alhaji: Wancan na Amurkan fa? Ya fi kyau a ido, kamar keken ɗinki.

Injiniya: Sherline akwai tsabtar aiki Baba, masu gyaran agogo na son sa, amma inci 3 da rabi kawai yake juyawa, kuma bai wuce kilo goma sha wani abu ba, na Chanan ya kai kilo 40.

Alhaji: Ai mara nauyin ya fi, in sa shi a ƙarƙashin gado.

Baba Tana: A wannan sana'ar nauyi ba aibi ba ne. Inji in ba shi da jiki da ka sa masa ƙarfe mai tauri sai ya kama rawa yana kuka, aikin ya fito da zane-zane kamar fuskar Bagobiri. Tagulla da alminiyom ƙanana, eh na Amurkan zai yi maka kamar madubi. Amma in tayar zubin ƙarfe kake so ɗauki mai nauyi. Sai dai ka sani shi na Chanan in ya zo ba ango ba ne da za a zaunar kawai, sai an wanke jan girisin da suka shafe shi da shi, an ɗaɗɗaure an saita, wani wurin ma a goge. Kuma giyoyinsa na roba ne.

Alhaji: Roba? A'a. Ba da kuɗina ba.

Baba Tana: Kai da za ka koya robar ce gatanka. Ranar da ka cusa wuƙa ta cije, gara giyar roba ta karye da mota ta ƙone. Ka dai sayo sifiya tun a tafiya ɗaya.

Bakano: Sifiya? Yanzu na ji magana.

Alhaji: To ni na ga wani da aka haɗa fiƙa da milin da huji duk a jiki ɗaya. Kuɗi ɗaya aiki uku.

Baba Tana: Taura biyu ba ta taunuwa Alhaji balle uku. Kana cikin fiƙa ka kwance ka ɗaura milin ka sake kwancewa, saitin da ka yi awa guda kana nema ya tafi. Sayi fiƙa kawai yanzu, akwai ɗan tebur na tsaye da ake ɗaura masa ya yi maka ƙaramin aikin milin a daddafe. In shekara ta zagayo ba ka gaji ba sai ka ƙaro milin na kan tebur.

Alhaji: Madalla, inji ɗaya. Injiniya nawa?

(Injiniya ya nuna masa wayar. Alhaji ya cire hula ya mayar.)

Injiniya: Banda kuɗin jirgi da kwastan Baba.

Baba Tana: Kuma wannan sadaki ne kawai, lefe na nan.

Alhaji: Wane lefe kuma?

Baba Tana: Cak ɗin da ke zuwa da shi, bakin da ke riƙe ƙarfe kenan, haƙori uku gare shi, zagayayye kawai yake kamawa da kyau. Sai ka sayi mai haƙori huɗu. Mai huɗun ba ya saituwa sai da agogon awo. Ga baniya da maikuromita na auna kaurin ƙarfe, ga wuƙaƙe, ga dutsen wasa su, ga bakin huji na wutsiya, ranar da milin ya zo kuma shi ma da nasa dangin, bayis mai matse ƙarfe da haƙoran yanka. Ka ware kusan kwatankwacin kuɗin injin.

Mai shayi: Alhaji in ƙara suga?

Alhaji: Rage ma. Daga yau ba madara.

Injiniya: Sannan a duba wuta, in daga kasuwar Amurka ne yawanci na 110 ne mu kuma 230 muke, ka jona haka nan hayaƙi za ka gani. Kuma a zaɓi mai milimita ba mai inci ba tunda kusoshinmu na nan milimita ne. Motarsa wat 350 zuwa 550 ce, ƙaramin janareta zai ja shi amma a sa sitabilaiza don allon da ke sarrafa gudunsa ba ya son wuta mai hawa da sauka.

Alhaji: Tururin nake nema dama.

Baba Tana: Ba irin wannan ba. Sai babbar magana, wannan babbar rigar taka ba za ta je gaban inji ba.

Alhaji: Ni? Da jikoki goma sha ɗaya in tsaya da singileti?

Baba Tana: Inji bai san Alhaji ba. Ya kama hannun riga sai ya naɗe ka kamar rawani, carbi ma a aljihu, zobe a cire, tabarau a ido. Makullin cak kuwa in ka manta shi a jiki ka kunna, sai dai a tsinto shi a Kofar Doka, in an yi sa'a ba ta goshinka ya bi ba.

Alhaji: To na ji. Yaushe jirgin zai tashi, kafin babbar sallah?

Baba Tana: Ta wace shekara? Fara da ɗan inji mai silinda ɗaya da ke lilo, guntun tagulla ne da fistin da taya ɗaya, ko tukunyar tururi ba sai ka yi ba, mu kai wa mai faci ya hura masa iska. In ya juya sai mu yi zancen jirgi.

Alhaji: Ni da na yi layin Kaura Namoda sai a kai ni wurin mai faci.

(Wayarsa ta yi ƙara. Ya sa a sifika don kunnen ya yi nauyi.)

Hajiya: Alhaji Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara buɗi! Yaran nan sun ga abin da kake dubawa jiya a waya, sun sa ta fassara musu, ashe injin niƙa za ka sayo mana kake ɓoyewa.

Alhaji: Hajiya ba irin wannan niƙan…

Hajiya: Na riga na gaya wa makwabta, an share zaure, matar mai unguwa ma ta ce ita ce ta farko da wakenta na ƙosai. Yana yin markaɗen tumatir ko sai gari?

Baba Tana: (a hankali) Tagulla yake ci Hajiya.

Hajiya: Wa ke magana? Me ya ce?

Bakano: Ni ne Hajiya, ina wuni. Cewa ya yi duka yana yi. Alhaji miƙo wayar, akwai wani a shagona mai janareta a jiki, gobe da safe yaro zai kawo, jirgi kuma a yi shi da ribar markaɗe.

Mai shayi: To Alhaji in mayar da madarar?