Wa banki yake ɗauka aiki, kuma a hannun wa yake sayen kaya?

A nan Amurka inda nake zaune, an daɗe ana gardama kan tsarin da manyan bankuna suka shimfiɗa domin buɗe ƙofa ga mutanen da aka saba barin su a baya, sai dai yawancin masu gardamar suna tsayawa ne kan batun ɗaukar ma'aikata. Ni kuwa ɗaya ɓangaren ya fi damuna, wato tambayar a hannun wa banki yake sayen kayan da yake amfani da su, domin shi ne ɓangaren da nake ganin zai amfani Maradi tun yau.

Banki ma mai saye ne. Yana sayen kujeru da kwamfutoci da takardu, yana ba da kwangilar gini da shara da gadi da abincin taro. JPMorgan Chase, banki mafi girma a Amurka, a shekarun baya ya riƙa ajiye lissafin nawa ne daga cikin waɗannan kuɗaɗe suka shiga hannun kamfanonin baƙaƙen fata, da na mata, da na tsoffin sojoji, da na masu buƙata ta musamman. A watan Oktoba na 2020, bayan kisan da wani ɗan sanda ya yi wa George Floyd, wani baƙar fata, a birnin Minneapolis, bankin ya yi alkawarin kashe dalar Amurka miliyar 30 cikin shekara 5, mafi yawa a rancen gidaje da na ƙananan sana'o'i, kuma a ciki ya ware ƙarin dala miliyan 750 domin sayayya a hannun kamfanonin baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka. Ba a karɓar da'awa da baki: sai wata ƙungiya mai zaman kanta, irin NMSDC da aka kafa a 1972, ta bincika ta tabbatar cewa aƙalla kashi 51 cikin ɗari na kamfanin mallakar waɗannan mutane ne, kuma su ne suke tafiyar da shi.

Ɓangaren ɗaukar aiki bai tsira daga aibu ba. A 2022 jaridar New York Times ta ruwaito cewa a bankin Wells Fargo an riƙa kiran mata da baƙaƙen fata ganawar neman aikin da tuni aka ba wani, don kawai a cika ƙa'ida a takarda. Daga baya Kotun Ƙolin Amurka ta hana la'akari da launin fata wajen shiga jami'a a 2023, gwamnatin Trump ta rushe irin waɗannan tsare-tsare a ma'aikatun tarayya a Janairun 2025, bankuna da dama kuma suka sassauta nasu. Saboda haka ba na kira da a kwaso tsarin Amurka dungurungum.

Matsalarmu a gida ba ta launin fata ba ce, ta sanayya ce da nisa daga Yamai. Maradi cibiyar kasuwancin Nijar ce, akwai rassan manyan bankunan ƙasar a cikinta, har da reshen babban banki BCEAO, kuma kuɗin alhazan garin da na masu fatauci ta Ɗan Isa zuwa Katsina da Kano suna kwana a waɗannan rassa. Amma a iya abin da na gani, shawarar sayayya mai tsoka a hedikwata ake yanke ta, kuma ƙaramin mai sana'a yakan ji labarin kwangila ne bayan an riga an ba da ita. Kafintan da zai iya haɗa teburin ofis yana nan cikin gari, telan da zai ɗinka kayan masu gadi yana nan, haka mai buga takardu da mai haɗa wutar hasken rana. Abin da ke hana su shiga sau da yawa ba rashin iya aiki ba ne, takardu ne: lambar haraji ta NIF, rajistar kasuwanci, da takardar neman kwangila da aka rubuta da Faransanci mai nauyi. Wanda ya tsallake wannan kuma sai ya haɗu da jinkirin biya, alhali mai ƙaramin jari ba ya iya sayen katako da kuɗinsa ya zauna wata uku yana jiran a sallame shi.

Batun mata ya fi ci mini rai. A yankin Maradi aka fara asusun Mata Masu Dubara a 1991, tsarin da daga baya ya bazu zuwa ƙasashe masu yawa, wanda ke nuna cewa matanmu sun iya tara kuɗi da riƙon amana ba tare da banki ba. Ƙungiyar matan da take tatsar man gyaɗa ko take dafa abincin biki tana iya ciyar da taron banki, idan aka nuna mata hanyar rajista kuma aka ba ta rabin kuɗi kafin aiki.

Game da ma'aikata, Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo tana yaye ɗalibai a cikin garin, kuma tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar. Ya kamata a riƙa sanar da gurbin aiki a gidajen rediyon gari, a yi jarrabawa a Maradi maimakon a tilasta wa ɗan talakan Tasawa ko Dakoro ya nemi kuɗin mota da masauki a Yamai, kuma a ɗauki iya bayani da Hausa, ko Fulatanci, ko Buzanci a matsayin ƙwarewa mai daraja wajen zaɓe.

Abin da nake roƙon shugabannin rassa da 'yan majalisar 'yan kasuwa ta Maradi shi ne su fara da lissafi. Kowane reshe ya bayyana a ƙarshen shekara nawa ya kashe wajen sayayya da kwangila, nawa ne ya tsaya a jihar Maradi, nawa ya shiga hannun mata, kuma cikin kwana nawa yake biyan wanda ya kawo masa kaya.