Gajiyar Tausayi a Ɗakin Gobe da Nisa: Haƙuri Kaɗai Ba Zai Magance Ta Ba

Kwana 11 na yi a kan benci a ƙofar sashen kulawa ta musamman na wani babban asibiti, sashen da ma'aikata suke kira ICU, mutanen gari kuma suke ce masa ɗakin gobe da nisa, ina jiran abin da Allah zai yi da baffana. A cikin ma'aikatan jinyar da suke karɓa-karɓa a kansa akwai wata wadda mu 'yan benci muka yanke wa hukunci tun a kwana na biyu cewa ba ta da imani, domin ba ta murmushi, ba ta haɗa ido da kowa, idan ka tambaye ta jikin mara lafiya ba ta wuce kalma uku. Wani dare aka ɗauke wuta, janareta ya ƙi tashi da wuri, na'urar da take taimaka wa baffa numfashi ta fara kuka, sai na hango ta ta gilashi ta cire bututun daga na'urar ta haɗa shi da wata jakar roba, tana matsawa da hannu tana saki, idonta a kan ƙirjinsa, har wuta ta dawo. Bayan sallar asuba na tarar da ita zaune a kan matakala, shayinta ya huce a hannunta. Na ce, "Sista, sannu da ƙoƙari." Ta ce, "Yawwa Malam. A makon nan mutum huɗu na rufe wa ido, kuma ban ji komai a raina ba. Abin da yake ba ni tsoro ke nan."

Abin da ta faɗa yana da suna a wurin masana. A 1992 wata ma'aikaciyar jinya a Amurka, Carla Joinson, ta yi rubutu a kan takwarorinta na sashen gaggawa waɗanda suka wayi gari sun kasa jin tausayin da ya shigo da su aikin tun farko, ta kira abin gajiyar tausayi, sannan masanin halayyar ɗan'adam Charles Figley ya faɗaɗa bayanin a littafin da ya fitar a 1995. Wannan gajiya ta yi kama da ƙarewar karsashi da yawan aiki yake haifarwa, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2019 cewa matsala ce da take tasowa daga wurin aiki, amma tushensu ya bambanta. Gajiyar tausayi tana fitowa ne daga yawan zama kusa da azabar wani, kullum, ba tare da zuciya ta samu sararin sauke abin da ta ɗauka ba. Mai fama da ita barci yakan ƙaurace masa, yakan ji ƙarar na'urorin sashe a kunnensa yana kwance a gida, yakan yi saurin fushi da 'ya'yansa, daga baya kuma zuciyar ta rufe ƙofa don ta tsira, shi ne abin da mu na waje muke gani mu kira shi taurin zuciya.

Sashen kulawa ta musamman ya fi ko'ina haifar da wannan hali, saboda mai jinya a can ba wucewa take yi ta gefen gado ta ba da magani ta tafi ba. Sa'o'i takwas ko goma sha biyu take yi a kan mutum ɗaya ko biyu, tana juya shi don kada bayansa ya yi gyambo, tana zuƙe majinar da ta taru a bututun numfashinsa, tana auna fitsarinsa sa'a bayan sa'a, ta san sunan matarsa da na autansa, sannan da yawa daga cikin waɗanda ta yi wa wannan hidima ba sa fita da rai. A Ingila an yi bincike a tsakiyar 2020, lokacin annobar korona, a kan ma'aikata 709 na sassan kulawa ta musamman guda 9, aka samu kashi 45 cikin ɗari suna da alamun matsananciyar damuwa ko firgici ko shaye-shaye, kuma kusan ɗaya cikin biyar na ma'aikatan jinyar sun ce tunanin cutar da kansu ko gwammacewa mutuwa ya zo musu. A can ba a ɗauke wuta, ba a kuma tura dangi kemis da tsakar dare. A wurinmu akwai wani nauyi na daban: mai jinya ta san maganin da zai ceci yaron da ke gabanta, ta san kuɗinsa ya fi ƙarfin uban da ke tsaye a waje da takarda a hannu, kuma ita ce za ta tsaya a kansa har numfashinsa ya yanke. Wannan ciwo ya fi gajiyar jiki cin rai.

Shawarar da ake yawan ba su ita ce su kula da kansu, kuma ban raina ta ba. Isasshen barci bayan dutin dare, cin abinci a kan lokaci maimakon biskit da lemo a tsaye, ɗaukar hutun shekara ba tare da jin kunyar abokan aiki ba, samun aminiyar da za a fayyace wa abin da ya faru a sashe, da ganin likitan ƙwaƙwalwa idan abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, duk waɗannan suna taimakawa ƙwarai. Addini ma ya riga kowa faɗar haka, domin Salmanul Farisi ya gaya wa Abud Darda'i cewa Ubangijinsa yana da haƙƙi a kansa, ransa yana da haƙƙi a kansa, iyalinsa ma haka, Manzon Allah (SAW) kuma ya ce Salmanu ya yi gaskiya. Inda muke kuskure shi ne yadda muke amfani da kalmar haƙuri. Idan mai jinya ta ce mutuwar wani yaro ta tsaya mata a rai, sai a ce mata ai aikin lada ne, ai kwana ne ya ƙare, ta yi tawakkali, maganar da gaskiya ce amma ake faɗar ta don a rufe mata baki. Alhali Annabi da kansa ya zubar da hawaye a kan ɗansa Ibrahim, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, ba ma faɗar komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Jin zafin mutuwa bai taɓa zama raunin imani ba. A gida ma akwai gyara, domin matar da ta kwana tsaye a kan masu rai kwakwai mutu kwakwai, idan ta dawo da hantsi ta tarar da wanke-wanke da girki da zuwa gidan suna suna jiran ta, ba za ta yi barcin da ake ce mata ta yi ba sai miji da dangi sun ɗauke mata wani abu.

Sai dai abin da ya fi damuna shi ne yadda wannan shawara take zama mafakar hukumomi. Da zarar an shirya wa ma'aikata lacca ta yini ɗaya a kan kula da kai, sai nauyin ya koma kan mai jinya, idan ta durƙushe a ce ita ce ba ta iya tattalin kanta ba. Ba a ce wa wadda aka bar wa gadaje uku ita kaɗai ta je ta huta, domin idan ta fita ba wanda zai kalli na'ura. Binciken da Linda Aiken da abokan aikinta suka wallafa a 2002 daga asibitoci 168 na jihar Pennsylvania ta Amurka ya nuna cewa duk ƙarin mara lafiya ɗaya a kan mai jinya yana ƙara haɗarin mutuwar majinyaci cikin kwana 30 da kashi 7 cikin ɗari, yana kuma ƙara yiwuwar ƙarewar karsashin mai jinyar da kashi 23. Jihar Kalifoniya ta kafa doka a 1999, ta fara aiki a 2004, wadda ta hana a ba mai jinya ɗaya fiye da mutum biyu a sashen kulawa ta musamman. Tun asalin wannan fanni ma haka aka gane abin: a annobar shan inna ta 1952 a Kofanhagan, babban birnin Denmark, inda likita Bjørn Ibsen ya assasa shi, ɗaruruwan ɗaliban likitanci ne suke matsa irin waccan jakar roba da hannu dare da rana, amma karɓa-karɓa suke yi, ba a bar kowa ya matsa har ya faɗi ba.

Mu kuwa masu karɓar ne suke ƙarewa. A Fabrairun 2024 hukumar da ke kula da aikin jinya da ungozoma ta Najeriya ta bayyana cewa ma'aikatan jinya sama da 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku, kuma matakin da ta ɗauka shi ne tsaurara sharuɗɗan tantance takardun masu son fita, har ma'aikatan suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas. A ƙarshen Yulin 2025 kuma ƙungiyarsu ta shiga yajin aikin gargaɗi a kan alawus da ƙarancin ma'aikata. Ƙwararriyar mai jinya ta wannan sashe ba a samar da ita a wata shida, kuma duk wadda ta tafi, gadajenta ana raba wa waɗanda suka rage ne.

Na san mai karatu zai tuna nas ɗin da ta taɓa daka masa tsawa yana cikin tashin hankali, kuma ba na wanke wulaƙanci, wanda ya ci zarafin majinyaci a hukunta shi. Amma asibitin da yake son rage irin wannan hali yana da abin yi tun kafin ya samu kuɗin ɗaukar sababbin ma'aikata. Jadawalin aiki da ba zai jera wa mutum darare masu yawa ba tare da hutu ba, ɗan ɗaki mai tabarma da ruwan sha kusa da sashe, zaman minti goma sha biyar bayan mutuwa mai nauyi inda likita da nas da mai shara za su faɗi abin da ke ransu ba tare da neman mai laifi ba, da hanyar ganin masanin lafiyar ƙwaƙwalwa a asirce ba tare da maganar ta shiga fayil ɗin ma'aikaci ba, ba ɗayansu da yake buƙatar kwangila. Najeriya ta samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023 wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, kuma ya kamata shugabannin asibitoci su fara aiki da manufarta a kan ma'aikatansu.

Baffa ya rasu da la'asar ɗin kwana na 11. Ita ce ta fito ta same mu a benci, ta ce, "Malam, sai haƙuri, Allah ya karɓi abinsa." Ta tsaya tare da mu har muka gama salati, ta nuna wa ƙanina ofishin da zai karɓi takarda, sannan ta koma ciki da sauri, domin an riga an bugo waya daga sashen gaggawa cewa akwai wanda yake jiran gadon.