Ma'aikacin da aka kulle a gida bai cancanci sunan ci-ma-zaune ba

A ranar 6 ga Satumba 2021 wa'adin ƙarin dala 300 da gwamnatin tarayyar Amurka ke ba marasa aikin yi duk mako saboda annobar korona ya cika, kuma tun kafin kuɗin ƙarshe ya shiga asusun mutane wasu masu sharhi suka fara murna, wai yanzu ne ci-ma-zaune za su tashi su nemi na kansu. Wannan murna ce ta ɓata mini rai, domin masu yin ta sun riga sun gwada maganarsu watanni uku kafin nan, kuma sun ga abin da ya biyo baya.

A farkon Mayu gwamnan Montana, Greg Gianforte, ya sanar da janye jiharsa daga shirin. Kwanaki kaɗan bayan haka rahoton watan Afrilu ya nuna cewa guraben aiki 266,000 kacal aka ƙara, alhali ana sa ran kusan miliyan 1, sai ƙungiyar 'yan kasuwa ta ƙasar ta ɗora laifin a kan tallafin. Kusan rabin jihohin Amurka, galibinsu na gwamnonin jam'iyyar Republican, suka bi sahu, suka yanke kuɗin a watannin Yuni da Yuli.

Masana tattalin arziki daga jami'o'in Harvard da Columbia da wasu sun bi diddigin asusun bankin dubban masu ƙaramin ƙarfi a waɗannan jihohi. Abin da suka gano a watan Agusta shi ne, cikin kowane mutum 8 da aka yanke wa tallafi, kusan 1 ne kawai ya samu aiki. A matsakaicin lissafi mutum ya rasa dala 278 a mako, abin da ya ƙaru a albashinsa bai wuce dala 14 ba, cefanensa kuwa ya ragu da dala 145. Wannan dala 145 ita ce kuɗin da bai isa hannun mai kanti da mai gidan abinci ba, wato su kansu masu kukan rashin ma'aikata.

Masu wancan ra'ayi suna yawan tuna mana cewa a 2020, lokacin da ƙarin yake dala 600, yawancin masu karɓa sun fi samu a zaune a kan lokacin da suke aiki. Haka ne, kuma abin kunyar yana wuyan albashin. Mafi ƙarancin albashi na tarayya dala 7.25 ne a awa, bai motsa ba tun 2009. Wanda ya yi awa 40 a mako a kan wannan kuɗi zai tashi da dala 290, ƙasa da ƙarin dala 300 da aka yi ta hayaniya a kansa. Matar da ke kai wa baƙi abinci kuwa, doka ta yarda a biya ta dala 2.13 a awa, sauran ta jira ɗan ihsanin da mai ci zai bari a kan tebur. Ita ce a wancan lokacin ake so ta bar yaro ɗan shekara 7 a gaban kwamfuta yana darasi, ba ta da mai reno, ta tsaya yini guda da takunkumi a fuska a zauren da rabin kujerunsa babu kowa, ga nau'in Delta na cutar korona yana bazuwa. Idan ta yi lissafi ta ga ba zai fishshe ta ba, da wane baki za a ce zuciyarta ce ta mutu?

Abin da ake son a manta shi ne, babu wanda ya zaɓi zaman kashe wando a Maris na 2020. Hukuma ce ta kafa dokar kulle, ta rufe shaguna da makarantu don kare rayukan jama'a, saboda haka tallafin diyya ce ta asarar da ita ta jawo, kuma mai biyan diyya ba ya da hurumin gorantawa.

Idan da gaske ana son mutane su koma bakin aiki, a ɗaga albashi, a buɗe wuraren renon yara da kuɗin da talaka zai iya biya, a kuma riƙa rage tallafin sannu a hankali ga wanda ya samu aiki maimakon a datse shi dare ɗaya. Ita kanta Montana, ranar da ta sanar da janyewa, ta yi alkawarin dala 1,200 ga duk wanda ya koma aiki ya cika makonni 4.