Ɗalibin da ya haddace taken ƙasa amma bai san aikin kansila ba

Tun da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar da sabuwar manhajar makarantu a 2025, ta haɗe darasin sibik da tarihi da nazarin zamantakewa wuri guda ga 'yan babbar sakandare, ta kira shi ilimin zama ɗan ƙasa da sanin gado, yabo iri ɗaya nake ji daga bakin jami'ai da masu sharhi a gidajen rediyo. Wai yanzu za a dawo da tarbiyya, a cusa wa yara kishin ƙasa, a koya musu girmama na gaba. Wannan yabon ne ya hana ni sakat. Rage wa ɗalibi kaya zuwa darussa 8 ko 9 abu ne mai kyau, haka ma mayar da tarihi tilas daga firamare zuwa ƙaramar sakandare, tuni ya kamata a yi hakan. Amma duk wanda ya buɗe baki kan darasin nan, abin da yaro zai yi wa ƙasa yake lissafawa. Har yau ban ji wanda ya lissafa abin da yaron yake bin ƙasa ba.

Kuma ai ba yau aka fara ba. Tun 2014 aka fara rubuta sibik a jarrabawar WAEC, ma'ana miliyoyin matasan da ke yawo a titunanmu yanzu sun zauna a aji an karantar da su, da yawansu ma sun ci da sakamako mai kyau, domin kowa ya san sibik na cikin darussan da ake cewa na banza ne a samu kiredit. Me aka koya musu? Ka ɗauko littafin kowane ɗalibi ka duba. Illar shan ƙwaya, illar ƙungiyoyin asiri, bin dokar hanya, bin layi, biyayya ga hukuma. Haƙƙin ɗan Adam da bin doka da oda suna ciki, ban musa ba, sai dai a matsayin hadda: kawo ma'anar dimokuraɗiyya, lissafo ginshiƙanta biyar, faɗi halaye huɗu na ɗan ƙasa nagari. Yaro ya haddace, ya juye a takarda, ya fito ya manta. A makarantu da yawa ma babu malamin da ya karanci fannin, duk wanda yake da gurbi a jadawali ko ɗan bautar ƙasar da aka turo shi ake miƙa wa. Idan haka za a ci gaba da yi a ƙarƙashin sabon suna, to an dai sauya wa tuwo suna ne kawai.

Ga jarrabawar da ta fi ta WAEC gaskiya. Ka tare matashin da ya gama sakandare a Kano ko Gusau ko Bauchi, ka tambaye shi: idan 'yan sanda suka kama ka, kwana nawa doka ta yarda su riƙe ka? Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a kai mutum gaban kotu cikin kwana 1 idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, idan babu, cikin kwana 2 ko abin da kotu ta ga ya dace, in ba laifin da hukuncinsa kisa ake zarginsa da shi ba. Sashen ya ce a sanar da shi dalilin kama shi a rubuce cikin sa'o'i 24, da harshen da yake ji, kuma yana da ikon yin shiru har sai ya ga lauya ko wanda ya zaɓa. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta haramta kama uba a madadin ɗa, ko mata a madadin miji. Nawa ne cikin masu kiredit a sibik suka san waɗannan? Su kuwa su ne abin da zai yi wa ɗan talaka amfani a daren da aka yi kame a unguwarsu, a lokacin da ginshiƙai biyar ɗin da ya haddace ba za su fisshe shi ba.

Tambaye shi kuma aikin kansila, ko na shugaban ƙaramar hukuma. Ƙasar nan tana da ƙananan hukumomi 774, Kano kaɗai 44, Katsina 34. Jadawali na huɗu na kundin ya zayyana abin da ke wuyansu: kasuwanni, tashoshin mota, maƙabartu, kwashe shara, magudanan ruwa, rajistar haihuwa da mutuwa, da sa hannu a harkar firamare da kiwon lafiya. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ta kuma ce shugabancin riƙo ba ya kan doka. Ana wallafa abin da kowace ƙaramar hukuma ta samu daga asusun tarayya wata-wata, kowa zai iya gani a wayarsa. Ina malamin da ya taɓa bai wa 'yan ajinsa aikin gida cewa su nemo abin da ƙaramar hukumarsu ta karɓa a watan jiya, sannan su zagaya su ga kwatar da ta toshe a ƙofar makarantarsu? Darasi ɗaya irin wannan ya fi zango guda na hadda. Amma ba a yi, kuma ba na jin rashin dabara ne ya hana.

Rashin wannan sanin ne ya sa muka mayar da ɗan majalisa mai raba buhun taki da biyan kuɗin asibiti da na suna. Aikinsa a doka shi ne yin dokoki, amincewa da kasafin kuɗi, da bin diddigin yadda aka kashe shi, ikon da sashe na 88 ya bai wa Majalisar Tarayya, na 128 ya bai wa ta jiha. Sanatoci 109 da 'yan majalisar wakilai 360 muke ɗauke da su, amma wanda ya yi shekara huɗu bai ce uffan a zauren ba yana iya komawa da ƙuri'unmu muddin ya raba babura. Sashe na 69 ya ba masu zaɓe damar yi wa ɗan majalisa kiranye idan fiye da rabin masu rajista a mazaɓar suka sa hannu. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ce hukuma ta amsa wa mai tambaya cikin kwana 7. Dokar da Buhari ya sanya wa hannu a 2018 ta rage shekarun takarar majalisar wakilai da ta jiha daga 30 zuwa 25. Duk waɗannan ƙofofi ne da doka ta buɗe, an bar yara ba su ma san da su ba. Daga nan sai a zo ana mamakin yadda a zaɓen shugaban ƙasa na 2023, cikin mutum sama da miliyan 93 masu rajista, kusan kashi 27 cikin 100 ne kawai suka fito.

Masu cewa irin wannan karatu zai sa yara su raina hukuma, su tuna zanga-zangar watan Agustan 2024. Yaran da suka cika titunan Kano da Kaduna, wasu na ɗaga tutar Rasha, wasu na fasa ofisoshin gwamnati suna kwasar kaya, ba sanin sashe na 40, mai ba da 'yancin yin taro cikin lumana, ne ya fito da su ba. Yunwa ce da rashin sanin wata hanyar kai kuka. Da aka gurfanar da wasunsu a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja a farkon Nuwamba, ƙananan yara suna yanke jiki suna faɗuwa a gaban alƙali bayan wata uku a tsare, duniya ta ga wanda ya fi buƙatar darasin bin doka tsakanin yaran da waɗanda suka tsare su. Su kuwa masu cewa darasin addini ya wadatar, malamin fiƙihu ba shi zai koya maka yadda ake rubuta wa majalisar jiha ƙorafi ba, kuma bai taɓa cewa aikinsa ne ba.

Akwai wata tambayar da littattafan sibik suke tsallakewa, alhali ita ce tushen batun zama ɗan ƙasa a Najeriya: bambancin ɗan ƙasa da ɗan asalin wuri. Sashe na 41 ya ba kowa 'yancin zirga-zirga da zama a duk inda ya so, na 42 ya hana nuna wa mutum bambanci saboda ƙabila ko addini ko inda ya fito. Amma yaron da aka haifi kakansa a Jos sai ya sha wuya kafin ya samu takardar shaidar ƙaramar hukuma, haka ma wanda aka haifa a Sabon Garin Kano, Hausa a bakinsa kamar ta kowa, ranar neman gurbin karatu ko aiki sai a ce ya koma garinsu. Kundin da kansa ya shigo da maganar ɗan asali wajen naɗa minista daga kowace jiha. Mafarauta 16 da aka kashe a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025, a hanyarsu ta komawa gida sallah, 'yan ƙasa ne masu sashe na 41 a hannunsu. Ɗan shekara 16 ya isa a zauna da shi a tattauna wannan ƙulli da gaske, har da ɓangaren da mu ne masu nuna wa wasu bambancin. Wannan ne zai koya masa zama da jama'a, fiye da zanen mutum uku riƙe da hannun juna, ɗaya da hula, ɗaya da jar dara, ɗaya da agbada.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ɓangaren gado. Na san yadda za a yi da shi idan ba a tashi tsaye ba: hawan sallah, kamun kifin Argungu, bikin sabuwar doya, abinci da sutura, sai a ce an koyar da al'ada. Alhali gadonmu cike yake da mutanen da suka tuhumi masu mulki. A ƙarni na 15 Shehu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa abin da ya wajaba a kan mai sarauta. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki sarakunan zamaninsa kan harajin zalunci da cin hanci a kotu. A 1929 matan Aba suka yi wa harajin Turawa bore. Funmilayo Ransome-Kuti da matan Abekuta sun matsa wa sarkinsu, Alake, lamba har ya sauka a 1949. A 1950 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a majalisar Kaduna ya nemi a gyara tsarin En'e, a shekarar ce kuma aka kafa NEPU a Kano, jam'iyyar da Malam Aminu Kano ya jagoranta ta koya wa talaka cewa yana iya cewa a'a. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri sau da yawa, kuma matan Arewa ba su samu ƙuri'a ba sai a 1976. Idan aka cire waɗannan aka bar kiɗa da rawa, an yi wa yaran sata.

WAEC ta ce ba za ta fara jarraba sabon darasin ba sai 2028. Duk wanda ya san makarantunmu ya san makomar darasin da ba a rubutawa: lokacinsa za a ba malamin lissafi. Zaɓen 2027 kuwa ba zai jira ba, kuma da yawa daga waɗanda ke ajin ƙarshe yanzu za su cika shekara 18 kafin nan ko jim kaɗan bayansa.

Hukumar tsara manhaja ta NERDC da kwamishinonin ilimi na jihohi suna da sauran lokaci. A sa babi na biyu da na huɗu na kundin tsarin mulki, masu bayanin nauyin da ke kan gwamnati da haƙƙin ɗan ƙasa, a hannun kowane ɗalibi, da Turanci da kuma harshen da yake ji, ko da kuwa ma'aikatar ta janye daga manufar koyarwa da harshen gida. A horar da malamai na musamman. A bar ɗalibai su zaɓi shugabanninsu da ƙuri'a maimakon shugaban makaranta ya naɗa wanda ya fi iya riƙe bulala. A kai su zaman majalisar jiha da kotun majistare su gani da idonsu. Ita kuma WAEC, idan ta tashi tsara tambayoyin 2028, ta daina cewa a lissafo halaye huɗu na ɗan ƙasa nagari. Ta tambayi yaro ofishin da zai je da takardar da zai rubuta idan aka karɓi kuɗin gina asibitin garinsu ba a gina ba.