Ido da hanci ba su isa shaida ba

Ina ganin mun ɗora wa idanunmu da hancinmu amanar da ta fi ƙarfinsu. Muna cewa gani ya kori ji, kuma hakan gaskiya ne a kasuwa ko a gaban alƙali, amma halittar Allah ta wuce abin da gaɓoɓinmu ke iya kamawa nesa ba kusa ba. Kunnen mutum yana jin sautin da ke kaɗawa sau 20 zuwa sau 20,000 a daƙiƙa, alhali giwaye suna kiran juna da gurnanin da ya yi ƙasa da wannan iyaka, wasu jemagu kuma suna farautar ƙwari cikin duhu da ƙarar da ta haura ta.

Da a nan maganar ta tsaya, da sai mu yi tasbihi mu wuce. Abin da ke damuna shi ne, wani lokaci ajali yana zuwa ta inda gaɓoɓinmu ba su kaiwa. A daren 21 ga Agusta 1986, tafkin Nyos na Kamaru ya fesar da wata iska marar launi, wadda ta fi wadda muke shaƙa nauyi, ta gangara cikin kwaruruka ta kashe mutum fiye da 1,700 da dabbobinsu. A Zamfara kuwa, a 2010, ɗaruruwan yara suka rasu saboda gubar dalma da ke cikin duwatsun zinariya da ake niƙawa a tsakar gida. Ba zan ce iyayen sun yi sakaci ba, domin abin da idonsu ya nuna musu ƙura ce irin wadda suka saba sharewa kullum, kuma sai da aka auna jinin yaran da ƙasar gidajen kafin aka gane abin da ke ɗauke su.

Haka batun janareta yake, shi da ya zama ɗan gida a kowace unguwa. Gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari ko launi, kuma wanda ya shaƙe ta yana barci zai iya suma bai farka ba, saboda tana hana jini ɗaukar iskar da jiki ke buƙata. Shi ya sa nake jin tsoro idan magidanci ya shigar da injinsa cikin zaure don gudun ɓarayi, ya ce ai da akwai hayaƙi da ya ji warinsa.