Yaron da ke kwana ƙarƙashin teburin mai shayi

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Wata asuba cikin Disamba na biyo ta tashar Bauchi Road. Duk wanda ya san Jos ya san sanyin nan mai shiga ƙashi. Ƙarƙashin teburin mai shayi na hangi yaro, bai wuce shekara 12 ba, ya shimfiɗa kwali, ya ja buhun shinkafa ya rufa, duga-dugansa a waje duk faso. Na ɗauka almajiri ne. Mai shayin ya ce, "A'a Malam, ɗan gari ne. Uwar aka saka, matar uban ta sa shi gaba, shi ne ya gudo. Yau sati uku."

Sati uku, babu wanda ya zo cigiya.

Da an ce yaran titi sai mu ce gwamnati. To, dokar kare haƙƙin yara tana nan tun 2003, a 2023 kuma aka kafa hukumar ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Madalla. Amma kukan da ke tsallako katanga da tsakar dare, maƙwabci ke jin sa. Kafin yaro ya kwana a tasha, sai da ya kwana a zaure da yunwa, ya sha dukan da ya fi laifinsa, aka koro shi daga makaranta kan kuɗin da bai kai na katin wayarmu ba. Muna gani muka ce ba ruwanmu.

Manzon Allah (SAW) ya ce ya ishi mutum zunubi ya tozarta wanda ciyarwarsa ke wuyansa. Wannan na iyaye ne. Namu yana Suratul Ma'un: kafin a ambaci masu sakaci da salla, sai da aka ambaci mai tunkuɗe maraya, wanda ba ya kwaɗaitar da ciyar da miskini. Mu kuwa a garin nan, bayan rikicin 2001 da 2008 da 2010, wace unguwa ce ba ta da marayu?

Titi ma yana da masu riƙo. Mai sayar da sholisho da tiramol yana jira, 'yan sara-suka suna neman yara.

Don Allah, idan kwamitin masallacinku ya tashi da asusun marayu, ko matan Islamiyya suna sasanta gidan da ke shirin watsewa, a saka hannu. A ware wani abu cikin zakka, a kai yaro wurin kafinta a kasuwar Katako ya koyi sana'a. Liman da mai unguwa su riƙa ƙwanƙwasa ƙofa tun yaron yana gida.

Ni ma na yi sakaci, Allah ya yafe mini. Na ce sai gobe, goben ta zama kwana huɗu. Da na koma da rigar sanyi, kwalin yana nan. Mai shayin ya ce wasu samari sun zo sun tafi da shi, bai san inda suka nufa ba.