Digiri ba sabulu ba ne

To, an dawo da goron neman auren da muka kai gidan Dokta. Masu kirana tun jiya ku huta, ga amsa: Dokta ya ce 'yarsa ba za ta shiga gidan "Kirdi" ba, wato sunan raini da ake kiran ƙabilun arewacin Kamaru da ake ɗauka arna ne. Yaron nan da Dokta a sahu ɗaya suke salla a Garwa shekara da shekaru, yana da sana'arsa, ba a taɓa jin sa da abin kunya ba. Laifinsa kawai kakansa ɗan ƙabilar Musgum ne, kuma wai baƙinsa ya yi yawa. Baƙinsa ya yi yawa! Sai ka ce madubin gidan Dokta ya taɓa ce masa shi Balarabe ne.

Don Allah kar wanda ya sake zo min da "jahilci ne, ilimi zai gyara". Wane ilimin? Shekara tara mutumin nan ya yi a Faransa. Da bakinsa ya sha ba mu labarin yadda tsohuwa ke ƙanƙame jakarta in ya zauna kusa da ita a jirgin ƙasa, da yadda 'yan sanda ke tsallake Turawa su tambaye shi takardu. Har idonsa kan kawo ruwa. Ya sha ɗacin abin nan, ya dawo gida ya dama wa wani. Tafiya mabuɗin ilimi, ko? To ta buɗe masa ofis da mota, zuciya kuwa tana nan da kwaɗonta.

Kais Saied, shugaban ƙasar Tunisiya, tsohon malamin tsarin mulki ne a jami'a. A Fabrairun 2023 ya ce shigowar baƙar fata daga kudu da Sahara makirci ne na sauya al'ummar ƙasarsa, aka dinga korar 'yan'uwanmu daga gidajen haya, har Gini da Mali suka aika jirage kwaso mutanensu. Verwoerd, wanda ya ɗaure wa wariyar launin fata gindi a Afirka ta Kudu, ya taɓa zama farfesa a jami'ar Stellenbosch. James Watson ya ci kyautar Nobel a 1962, a 2007 ya buɗe baki ya raina basirar 'yan Afirka. Su ma makarantar ce ba su gama ba?

Na san za ku ce ai wane ya yi karatu ya canja. Madalla, a gaishe shi. Ni abin da na gani, karatu ba ya wanke ƙyamar nan, ado yake mata. Wanda bai je makaranta ba zai ce maka "arne" kai tsaye, ka san inda ka tsaya. Mai digiri kuwa sai ya ce "bambancin al'ada". Mu ma da wasu ke kira Haɓe a bayan idonmu, ba mu fasa neman wanda za mu taka ba.

Abin da ya hana ni barci dai ba Dokta ba ne. Sahabi guda, Abu Zarri, ya goranta wa wani da uwarsa, Manzon Allah (SAW) ya ce masa a take: kai mutum ne da ke da sauran jahiliyya. Daga baya aka gan shi sanye da tufa iri ɗaya da ta bawansa. Wanda Abu Zarri yake jin kunyarsa ne ya faɗa masa ido da ido. Mu kuwa dattawa shida muka zauna a falon nan, har da ni, aka faɗi wannan magana, muka sunkuyar da kai muka ce "Allah ya zaɓa mafi alheri". Har lemon da aka kawo sai da muka shanye. Wallahi kunyar haɗa ido da yaron nake ji.